Alewar Turkiyya: wai a kan wannan yaro ya sayar da 'yan uwansa?

Yarana ne suka ja min. Tun da suka kalli fim ɗin Narnia na 2005 ba ni da sakat, Baba lokum, Baba lokum, wato alewar nan da mayya ta ba wani yaro Edmund cikin ƙanƙara ya ci har ya yarda zai kawo mata 'yan uwansa uku. To jiya na ci karo da ita a wani kanti nan Garwa, ɗan kwali kamar na sabulu, kuɗinsa ya ishe ni man moto na kwana biyu amma na rufe ido na biya.

Jama'a sitaci ne da sukari aka dafa aka barbaɗe da garin sukari, sai ƙamshin fure, kana taunawa kamar ka cinye turaren Hajiya. Ga zafin Garwa, kafin in iso gida duk ta manne da juna, da cokali muka ɓamɓare ta. Dakuwar ɗari ta fi ta wallahi.

Na ɗan yi wa yaron uzuri dai, lokacin yaƙi ne, Jamus na ta zuba wa Landan bam, kuma ko a 1950 da C.S. Lewis ya fitar da littafin da aka yi fim ɗin daga shi, alewa da katin rabo na gwamnati ake sayenta a Ingila, sai 1953 aka sake ta. Kuma ta mayya da asiri a ciki, tawa babu, ko kuwa ya ƙare a hanya.

Maƙwabcina mai zuwa coci da muka kalla tare ya ce ai wa'azi ne aka naɗe da tatsuniya, zakin nan Aslan da aka yanka kan teburin dutse a madadin yaron kuma ya tashi, yadda su Kirista suka ɗauki Annabi Isa ke nan. Ni kuma Iblis na hango da farar riga, irin lallashin da ya yi wa Annabi Adamu. Muka dai haɗu a kan zaƙi ne ya jefa yaro, zaki ya tsamo shi.

Na tambayi ƙaramin, kai za ka ba da yayarka kan wannan? Ya tofar ya ce a'a. Ya yi shiru can sai ya ce, Baba amma in kilishi ne fa?