Sharhi kan bututun bindiga mai murɗi 1:66 bayan wata takwas ina harbi da shi

Abin da ya ja ni ga sayen wannan bututu, na ɗaura wa bindigata mai ɗuri ta baki, shi ne murɗin tsagin da ke cikinsa. Faɗin raminsa rabin inci ne, wato kaliba .50, tsagin kuwa yana kammala zagaye ɗaya a tsawon inci 66, abin da maƙera ke rubutawa 1:66. Wanda na cire 1:48 ne, irin da ake ƙerawa don ya ɗauki mulmulallen harsashi da dogo duka.

Aikin tsagi shi ne ya sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa. Dogon harsashi yana bukatar juyi mai sauri, in ba haka ba sai ya wuntsila a iska, amma mulmulallen dalma ba shi da kai ba shi da gindi, don haka juyi kaɗan ya ishe shi ya shanye ɗan rashin daidaiton da zubi ya bari a jikinsa. Ƙa'idar da masanin lissafin Ingila Alfred George Greenhill ya fitar a 1879, in aka ɗora ta kan harsashin da tsawonsa da faɗinsa ɗaya ne, tana ba da faɗin sau 150, wato zagaye ɗaya a inci 75 ga kaliba .50. Bindigar Baker da sojojin Birtaniya suka fara riƙewa a 1800 ma rubu'in zagaye kawai tsaginta ke yi a inci 30.

Na yi gwajin da harsashi mai faɗin inci 0.490, naɗe da ƙyallen auduga mai kaurin inci 0.015 da aka shafa wa mai, da baƙin albarushi nau'in FFg mai matsakaicin ƙwaya, bindigar tana kan madogari. A nisan yadi 50 da giren 60 na albarushi (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne da ake auna albarushi da shi), gaskiyar magana ban ga wani bambanci tsakanin bututun biyu ba, domin kowanne yana tara harbi biyar a wurin da tafin hannu zai rufe. Sai da na kai awon giren 90 bambancin ya fito fili: tsohon bututun ya fara watsa harbi, ɗaya sama ɗaya gefe, sabon kuwa bai sauya hali ba, har a yadi 100 harbinsa yana nan a dunƙule.

Amsar tana kwance a ƙasa, 'yan taku kaɗan daga bakin bindiga, inda ƙyallayen ke faɗuwa bayan harbi. Na tsince su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda tsohon bututun ya tofo sun yayyage, wasu da huji a tsakiya da gefe a babbake, alamar cewa harsashin ya kufce wa tsagin kuma wutar albarushi ta bi ta gefensa. Na sabon bututun kuwa lafiya lau suke, in ban da baƙin zobe da sawun tsagi da ya kwanta a jikinsu. Ina ganin duk mai son sanin halin bindigarsa ya kamata ya fara duba ƙyalle tun kafin ya je duba takardar da ya auna.

Sai dai ba zan jingina nasarar ga murɗi kaɗai ba, kuma nan ne na saɓa wa masu cewa 1:48 bai dace da mulmulallen harsashi ba. Zurfin tsagin tsohon bututuna bai wuce kimanin inci 0.005 ba, na sabon kuwa ya kai kimanin 0.012, kuma zurfin nan ne ke ba ƙyalle wurin kamawa. Da yawa daga bindigogin da Jacob da Samuel Hawken suka ƙera a birnin St. Louis na Amurka a ƙarni na 19 murɗinsu 1:48 ne, da tsagi mai zurfi, kuma da mulmulallen harsashi suka yi suna. Abin da murɗi mai saiɓi ya ba ni shi ne sarari: ina iya ƙara albarushi, cikin iyakar da maƙerin ya gindaya, ba tare da harbi ya lalace ba.

Yana da nasa cikas. Ɗurinsa da tauri, sai na fara cusa harsashin da gajeriyar sanda kafin in danna shi da doguwar har ya zauna daram a kan albarushi, kuma bayan harbi huɗu ko biyar dole in goge toka. Da na rage awo zuwa giren 40, harbin ya ɗan buɗe. Dogon harsashi kuwa sam bai karɓe shi ba, domin a kaikaice ya riƙa huda takarda.

Wanda mulmulallen harsashi kaɗai yake harbawa, kuma yana son awo mai nauyi, wannan bututu zai gamsar da shi. Wanda ke tsayawa a giren 60 da yadi 50 kuwa, shawarata ita ce ya riƙe 1:48 ɗinsa, ya gwada ƙyalle mai ɗan ƙarin kauri tukuna.