Baƙin garin da ake cuɗa iri da shi ko taki, wanne za a ba waken suya?

Salam 'yan uwa. Jiya da daddare wani ɗan uwa ya tambaya cewa zai shuka waken suya bana, wani ya ce masa ya nemi baƙin garin nan da ake cuɗa iri da shi, irin NoduMax na cibiyar binciken noma ta IITA, wani kuma ya ce ya rabu da wannan ya zuba taki kawai. Malam tambayarka ta yi, amma sai mun fara raba takin gida biyu, don yuriya daban supa daban.

Shi dai garin ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba. Halittu ne masu rai a ciki, bakteriya da ake kira rizobiyam, suna shiga saiwar wake su yi waɗannan 'yan ƙulalan da kake gani in ka tumɓuke shi. A cikin ƙulalan suke zuƙo naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, masara ba ta iya taɓa shi, wake da gyaɗa ne Allah ya hore wa ta hanyar waɗannan halittu.

To ka ga in ka ajiye garin kusa da yuriya aikinsu ɗaya ne, kuma a gonar waken suya garin ya fi ta nesa ba kusa ba. Yuriya kashi 46 naitirojin ce, tana aiki nan take, ganye ya yi shar, amma buhu ne guda za ka ɗauko da tsadarsa, ruwa mai ƙarfi kuma ya wanke wani. Abin da ya fi ɓata min rai da ita shi ne in ta yi yawa waken sai ya yi lalaci, tunda ya samu a sama ba zai wahalar da kansa ya yi ƙulalai ba, ka tarar da ganye kamar daji 'ya'ya kuma ba wani abin kirki. Shi garin 'yar leda ce da za ta shiga aljihu, sai dai yana da sharuɗɗa. Rana tana kashe shi, zafi ma haka. Ni kaina na taɓa saye a wani shago, ledar na rataye a bakin ƙofa rana na dukanta, na shuka na jira, da na tona ba komai wallahi, na zata ƙarya ce ake mana ashe matacce na saya. Ka duba kwanan wata, ka ɗan jiƙa irin da ruwan ƙaro ko ruwan suga don ya kama, ka cuɗa a inuwa, ya sha iska a inuwa, ka shuka a ranar cikin ƙasa mai damshi.

Amma garin da supa ba a haɗa su gasa. Supa fosfaras take bayarwa, har da kalsiyam da salfa, kuma babu wata bakteriyar ƙulalai da za ta samo maka fosfaras daga iska. Gonakinmu da yawa sun gaji ta wannan ɓangaren, in babu shi ƙulalan ma ba sa yin kirki. Saboda haka wanda ya ce ka shafa gari ka manta da taki gabaɗaya bai faɗa maka daidai ba. In supa ta yi wuyar samu kamfa kaɗan lokacin shuka ba laifi, banda dai bin ta da yuriya kamar masara.

Sai kuma wane wake. Waken suya asalinsa daga ƙasar Sin ne, baƙo ne a ƙasarmu, shi ya sa ya fi amsa garin, musamman a gonar da ba a taɓa shuka shi ba. Irin TGx da IITA ta fitar yana iya ƙulla zumunci da bakteriyar da ke ƙasarmu, duk da haka sau da yawa ana ganin bambanci in an shafa. Farin wake kuwa ɗan gida ne, yawanci yana samun nasa a ƙasa. Gyaɗa ma ni a ganina kuɗinka ya tafi wajen supa, kalsiyam ɗin nan na taimaka mata ta cika kwanso. Kuma garin waken suya na waken suya ne, kar ka kai shi kan gyaɗa.

Don ka ga bambancin da idonka, ka bar kunya biyar ko shida ba ka shafa wa irinsu garin ba, ka sa alama. Bayan sati biyar zuwa shida ka tono ɗaya nan ɗaya can a hankali da ƙasarsa, ka fasa ƙulli da farce. In cikinsa ja-ja ne kamar tsoka yana aiki, in fari ne ko kore ba abin da yake yi. Ka ɗauko mana hoto mu gani.