Fengwin ɗin da na saya wa yarona a Garwa, ra'ayina bayan wata huɗu

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun Disamba nake son in yi wannan rubutu amma na ce bari in bari abun ya sha hannu tukuna, dan kayan wasan yara ranar farko kowanne kyakkyawa ne, sai an wanke shi sau biyu uku ake gane ingancinsa. Yanzu ga mu a Afrilu, zafin Garwa ya haura 40, kuma har yau yarona bai rabu da abun nan ba, to ina ganin lokaci ya yi.

Abun da na saya ɗin 'yar tsana ce ta tsuntsun nan fengwin, mai baƙin baya da farin ciki, irin mai laushi da muke ce ma nunus, sai dai wannan an zuba mata wasu ƙananan ƙwayoyi a ciki dan ta yi nauyi. Na ɗora ta a sikelin mai shinkafa na unguwarmu, kilo 1 da rabi. Tsawonta daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Mai shagon ya ce jaka 9, wato sefa dubu 9, muka yi ta ja har ya sallama a jaka 7 da rabi, na biya ta Orange Money. Shagon yana kusa da babbar kasuwa, irin butik ɗin nan da duk Disamba suke cika da kayan Nowel da bonane, fitilu masu walƙiya, itacen roba, jajayen huluna. Mu ba ma bikin Kirsimeti amma maƙwabtanmu suna yi, har abinci suke aiko mana kamar yadda muke kai musu naman layya, kuma gaskia lokacin ne kawai ake samun kayan wasa iri iri a garin nan.

Yarona shekararsa 7, yana da otizim, yanayin nan da ke shafar yadda mutum ke magana da cuɗanya da mutane. Na faɗa kai tsaye dan na gaji da ɓoyewa. Maganarsa kaɗan ce, ba ya son hayaniya, ƙarar babur ɗin kilando ma in ta yi yawa sai ya toshe kunne ya durƙusa. Ranar ma ban yi niyyar shiga da shi shagon ba, takalmin lekol, wato na makaranta, na je nema wa yayarsa, amma ba wanda zan bar ma shi a gida. Muna shiga kiɗa na tashi, fitilu na ƙyalƙyali, na ga ya fara kaɗa hannu da sauri na san saura kaɗan ya fashe da kuka. A nan zan yaba wa mai shagon, wlh ban ce masa komai ba, ya dube mu ya ce "Hajiya, kiɗan ne ya dame shi?" ya miƙa hannu ya kashe, ya zare fulogin fitilun ƙofa. Bai tambaye ni me ke damun yaron ba, bai ce a kai shi wajen malam ba, bai yi min kallon nan da na saba gani a gidan biki ba. Allah ya saka masa da alheri. Yaron na samun shiru ya wuce kai tsaye can ƙasan kanta ya ɗauko fengwin ɗin ya ɗora a ƙirji ya zauna a ƙasa, mun kai minti goma a haka. Takalmin da ban saya ba kenan ranar.

Bari in fara da abun da bai yi min ba, dan mai niyyar saya ya sani.

An ɗinka mata jar hula mai ƙararrawa a ka, sannan a cikin fiffike ɗaya akwai maɓalli, in aka danna sai ta fara waƙa ido na haske. Daren farko ya kwanta a kanta bisa kuskure, waƙar ta tashi wajen ƙarfe biyu, ya firgita ya yi jifa da ita, ba mu koma barci ba sai bayan asuba. Da safe na farke ɗinkin da reza na ciro akwatin waƙar, kuma abun da na gani ya tada min hankali, pil ɗin ciki irin ƙananan nan ne masu kama da kwabo, murfin kuma ko sukuru babu. Iyaye dan Allah ku kula, irin wannan batir in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa 2 kacal, ba abun jira ba ne, asibiti ake rugawa. Na cire, na cire hular ma, daga baya na kai wa tela ya maimaita ɗinkin gaba ɗaya da zare mai ƙarfi saboda ɗinkin kamfani sako sako ne, ƙwayoyin ciki sun fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙafa tun sati na biyu. Idanun ma na roba ne da aka manna, ga mai ƙaramin yaro da ke sa komai a baki ban ba da shawara ba, kuma abu mai nauyi haka ba a ɗora wa jariri ko a bar shi a kan fuskar yaro yana barci. Sai farin cikin nan nata da ƙurar hunturu, kwana uku ya koma ruwan ƙasa. Tana wankuwa da sabulu da hannu amma ƙwayoyin na riƙe ruwa, a Janairu sai da ta yini biyu a igiya, kuma yinin biyun nan mun sha kuka. Yanzu da rana ta buɗe kafin la'asar ta bushe.

Abun da ya yi min kuwa shi ne nauyin. Akwai yara masu otizim da matsi a jiki ke kwantar musu da hankali, ba duka ba, wani ko taɓa shi ba ya so. Wata farfesa a Amurka, Temple Grandin, ita ma mai otizim ce, tun tana budurwa ta ƙera wa kanta na'urar da ke matse jikinta bayan ta ga yadda shanu ke natsuwa in an matse su a shingen allura. Nawa yaron irin wannan ne, in abu ya dame shi sai ya cusa kansa tsakanin katifa da bango. Yanzu fengwin yake ɗorawa a cinya, da ita muka iya zama layin asibiti, da ita aka yi masa aski ba tare da mutum uku sun danne shi ba. Ba magani ba ce fa, kar wani ya saya yana jiran yaro ya fara zuba surutu. Otizim ba zazzaɓi ba ne da za a sha ƙwaya ya tafi, haka ƙwaƙwalwar mutum take tun halitta kuma da shi zai girma.

Saboda shi na zama mai karatun fengwin dole, dan kullum sai mun kalli bidiyonsu a waya. Yayarsa ce ta fara gyara min, ta ce a Faransanci ainihin sunan tsuntsun nan mansho ne, wanda Faransawa ke ce ma fengwen wani tsuntsu ne daban na tekun arewa kuma shi yana tashi sama. Namu ba ya tashi, fiffikensa na iyo ne. Wani abun kuma, duk hotunan Nowel ana haɗa shi da tsohon nan mai jar riga da farin beyar na ƙanƙara, alhali su can arewacin duniya ake danganta su, fengwin kuwa a kudu yake, Antaktika da kewaye, shi da farin beyar ba sa haɗuwa ko kaɗan. Kuma Disamba a can lokacin rani ne ba sanyi ba. 'Yan kasuwa ne kawai suka ga ƙanƙara suka sa masa hula. Kala wajen 18 ne, kuma abun da ya fi burge ni akwai na Afirka, a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya, kusa da Cape Town mutane na zuwa kallonsu a kan yashi da rana tsaka, kukansu kamar na jaki. A 2024 aka sa su cikin halittun da ke dab da ƙarewa, kifin da suke ci ya yi ƙaranci. Na ji ba daɗi sosai da na karanta wannan.

Bidiyon da ya fi so na manyan ne, waɗanda ake ce ma sarkin fengwin, tsayinsu ya wuce mita 1. Macen ƙwai ɗaya take yi a tsakiyar sanyi ta miƙa wa namijin ta tafi teku neman abinci, shi kuma ya ɗora ƙwan a kan ƙafafunsa ya rufe da fatar ciki wajen wata biyu ba ci, sanyi na kai 40 ƙasa da sifili. Sai su cure wuri ɗaya su dubbai suna matsawa a hankali, na gefe ya shiga tsakiya ya ji ɗumi, na tsakiya ya fito. In macen ta dawo da murya take gane mijinta a cikin wannan taro. Baban yara da ya kalla shiru ya yi, can ya ce ikon Allah.

To ga inda abun ya taɓa ni. Yarona tun yana shekara 3 yake kawo min tsakuwa. Daga tsakar gida, daga hanya, in mun je bakin Binuwai kallon dorina sai ya cika aljihu, ya zo ya ajiye min ɗaya a cinya ko kusa da murhu ya juya ya tafi, ba magana ba kallon ido. Ni kuma sharewa nake yi, wani lokaci har da faɗa. Dangi kuwa wannan tsince tsincen na cikin hujjarsu, wai aljanu ne ke aikensa, wata ma ta taɓa ce min ɗan ruwa ne, wasu su ce sammu, wasu su ce allurar rigakafi ce ta jawo. Ba rigakafi ba ne, likitan Ingila da ya fara yaɗa wannan magana a 1998 an janye rubutunsa a 2010 an kuma hana shi aikin likita. Mun sha rubutu mun sha hayaƙi mun kashe kuɗi, ni addu'a ban taɓa dainawa ba kuma ba zan daina ba, amma hayaƙin nan azaba kawai ya ba yaron.

Akwai wani gurup na WhatsApp da wata nas ta sa ni, iyaye ne daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri har Njamena, ana cakuɗa Hausa da Fulatanci da Faransanci. Na tura hoton fengwin ɗin, na ce ga abun da ya taimake mu, a hoton kuma akwai tsakuwoyi jere a gabanta dan yanzu ita ma yana kai mata. Sai wata budurwa ta bi ni ta gefe, ita ba uwa ba ce, ita kanta ce mai otizim, tana karatu a jami'a. Ta ce "Adda, kin san wasu fengwin da tsakuwa suke gina sheƙa, namijin ya zaɓo ya kawo wa macen ya ajiye a gabanta?" Ta ce su masu otizim a intanet har sun ari wannan ɗabi'a sun sa wa yadda suke nuna ƙauna suna, kyautar tsakuwar fengwin, wato ka ga ɗan abu, dutse ko ganye ko hoto a waya, ka kai wa wanda kake so, ma'ana na tuna da ke. Ta ce "yaronki shekara nawa yana gaya miki yana sonki."

Wlh a kicin nake, na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Shekara huɗu ina sharewa da tsintsiya.

Wannan yarinya ta canza min abubuwa da yawa. Ni da nake cewa yarona na fama da cuta, ita cewa take "mu". Mu ba ma son ƙara, mu in muna kaɗa hannu kar a riƙe mana, natsuwa muke nema. Ta ce ba ta son a ce mata galahanga, kalmar da ake jibga wa kowane yaro da ya bambanta, ta fi son a ce mai otizim kai tsaye, dan ba wani kaya ba ne da ta ɗauka za ta sauke, da shi take gani take ji take tunani. Ba ta ɓoye wahalar ba, ta ce akwai ranakun da ba ta iya fita, kuma ta san akwai yaran da za su buƙaci mai kula da su har girma, ni ma ban san inda nawa zai tsaya ba. Amma daga bakinta na fara jin cewa yarona yana da mutanensa. Hukumar lafiya ta duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, to ku lissafa yaran Garwa kaɗai, suna nan cikin gidaje an kulle ƙofa saboda kunya. Tun 1943 wani likita Leo Kanner ya bayyana yanayin a kan yara 11 a Amurka, ba sabon abu ba ne kuma ba na Turawa kaɗai ba ne. Ita ta gaya min 2 ga Afrilu ranar otizim ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, 18 ga Yuni kuma ranar da su da kansu suka ware tun 2005 dan alfahari da yadda suke, alamarsu kamar 8 a kwance mai launuka. Yayarsa ta binciko cewa 25 ga Afrilu ranar fengwin ce ta duniya, ta ce ranar za ta soya masa kifi.

In an tambaye ni maki, kayan kansa 3 cikin 5 saboda batirin da ɗinkin, mai shagon 5. Wanda zai saya ya tafi da yaron ya bar shi ya taɓa da kansa, ya zaɓi lokacin da kasuwa ba ta cika ba, ya cire akwatin waƙar tun kafin dare, ya ware ɗari biyar na tela. Na koma a Maris neman ta biyu saboda ranar wanki, mai shagon ya ce kayan Nowel ne sai Disamba, amma ya rubuta a littafinsa zai ajiye min ɗaya, na roƙe shi in da hali marar waƙa.

Tsakuwoyin yanzu a gwangwanin madara nake tarawa a saman firij, na cika ɗaya na fara na biyu. Ta jiya fara ce sumul, a cikin takalmina na same ta da zan fita kasuwa.