Hayar kwale-kwalen Baba a Galma: abin da ɗalibin bincike zai samu da abin da zai kawo da kansa

Duk shekara idan lokacin aikin bincike ya zo, ɗaliban da aka ba maudu'in kifi sukan biyo ni ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Samaru, Zariya, da tambaya iri ɗaya: wa zai shiga da su ruwa? Bakina ya gaji da maimaita amsa, shi ya sa na ga gara in rubuta. Wanda nake tura su wurinsa wani dattijon masunci ne da ke su a ruwan Galma, ta wajen Dakace, in ka ɗauki hanyar Jos. Ba zan faɗi sunansa ba tunda bai ba ni izini ba. Baba muke ce masa, shi kuma ya ce mini Malam, ɗalibai mata kuwa duk 'yata ne a bakinsa.

Kuɗin da za ka biya na yini ne, kuma abin da ya ƙunsa shi ne kwale-kwale, da Baba kansa, da wani ɗan ƙanensa mai riƙe filafili, da shimfiɗa raga da yamma, da janyo ta da asuba. Kifin da ya shiga ragarsa ba ya cikin lissafin. Wanda za ka tafi da shi saye za ka yi a kan farashin bakin ruwa na ranar, wanda ka auna ka mayar masa kuwa nasa ne. A yi wannan magana a gama tun kan tudu. Baba ba mai cuta ba ne, amma mai sana'a ne, kuma ɗalibin da ya ɗauka cewa kuɗin haya ya sayi tarwadar da ke cikin jirgi zai ji kunya a gaban mutane.

Abin da ya sa nake komawa wurinsa shi ne hannunsa a kan jirgi. Wanda bai taɓa ɗibar ruwan gwaji ba ba zai san darajar wannan ba. In za ka auna iskar oksijin da ke cikin ruwa ta hanyar Winkler, wadda ake amfani da ita tun 1888, dole ka cika kwalba ba tare da kumfa ko ɗaya ta maƙale ba, ka ɗiga sinadari biyu nan take a cikin jirgi, ka rufe, ka jujjuya har ruwan ya yi gudaji mai ruwan ƙasa. Jirgi ya karkata kaɗan, iska ta shiga kwalbar, lissafinka ya tashi sama da gaskiya. Baba yakan kafa doguwar sandarsa a laka, ya jingina da ita, jirgin ya tsaya cak har ka gama kwalabenka. Haka yake yi idan za mu sauke faifan Secchi, wannan faifai mai faɗin santimita 20 da ake shafa wa fari da baƙi don a ga zurfin da haske ke kaiwa. Namu wani mai walda ne a Sabon Gari ya yanka mana, muka yi masa fenti, muka ɗaura igiya mai alamomi. Ƙa'ida ita ce a sauke shi ta gefen inuwar jirgi, rana tana sama, kuma Baba ya riga ya haddace wannan: kafin ka yi magana ya juya jirgin. A watan Agusta, lokacin da Galma ke kwaso jar ƙasa daga gonaki, faifan ba ya nisa yake ɓacewa, sai ka ji ya ce, "Malam, yau farantinka bai ga komai ba."

Yana kuma da lokaci, abin da ba kowane mai jirgi ke da shi ba. Oksijin ya fi ƙaranci da asuba, don tsirrai da gansakuka sun kwana suna shaƙarsa babu rana, saboda haka wanda ke son ya kama wannan ƙarancin dole ya kasance a kan ruwa kafin gari ya waye sosai. In ka ce masa bayan sallar asuba, to bayan sallar asuba za ka same shi, ko da a tsakiyar hunturu ne, lokacin da hazo ke rufe ɗaya gaɓar kuma yatsu ke ƙin riƙe biro. Ɗalibai ne ke makara, musamman masu tasowa daga Samaru ba su shirya abin hawa tun dare ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Baba masunci ne, shekara da shekaru yana koyon yadda zai kama kifi mai tsoka da mata masu suya za su saya. Kai kuma abin da kake nema shi ne ka san me ke cikin ruwan, babba da ƙarami, mai tsada da wanda ba a ko tayawa. Waɗannan buƙatu biyu ba sa tafiya tare, kuma duk kirkinsa ba ya sa su daidaita.

Fara da raga. Kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa kifi ya maƙale ta kai, tana zaɓen girma. Ƙaramin kifi ya wuce ta ido, wanda ya fi ƙarfin idon ya bugi raga ya koma, na tsakiya kaɗai ke maƙalewa. Ragunan Baba masu ido yatsa uku ne da yatsa huɗu, yadda masunta ke aunawa. In da su kaɗai ka yi aiki, za ka koma da karfasa masu kusan tsawo ɗaya, ka zana jadawali, ka rubuta cewa haka karfasar Galma take, alhali ragar ce ka auna ba kogin ba. Masu binciken tafkin Kainji, a cibiyar da ke New Bussa wadda ta faro a 1968, jerin raguna suke shimfiɗawa, daga mai ido inci 1 zuwa manya, don kowane girma ya samu tarkonsa. Kai ma haka za ka yi, kuma kai za ka kawo su, Baba ba shi da su. Akwai wani abu kuma: dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3. Saboda haka in za ka sa ƙaramin ido don bincike, ka riƙe takarda daga sashenka, ka kuma je ka gaida Sarkin Ruwa ka yi masa bayani da ɗan goronsa. Ba Baba kaɗai ke cin abinci a ruwan nan ba, kuma sauran masunta suna kallon abin da ake sa wa ruwansu.

Sai maganar wuri. Mukan zaɓi tashoshi, wato wuraren da za a riƙa shimfiɗa raga da ɗibar ruwa, mu ɗauki lambarsu da na'urar GPS, da niyyar duk wata a koma daidai wurin. Baba ya san wuraren sarai, da giginya da tsohon kututture yake gane su. Amma in ya san tashar ba kifi a wannan watan, sai ka ga jirgi yana sulalewa a hankali zuwa bakin ciyawa ko gindin bado inda ya san karfasa na taruwa. Na taɓa ce masa, "Baba, mun bar wurin fa." Ya ce, "Malam, can ɗin asara ce, yarinyar nan ta biya kuɗi, ta koma hannu rabbana?" Tausayi ne ya sa shi, amma raga da ta fito babu komai ita ma sakamako ce, kuma in an cike gurbinta da kifin wani wuri an ɓata lissafin shekara guda. Har yau bai yarda da wannan a zuciyarsa ba, yana dai yi don na nace. Shawarata ita ce idonka ya riƙa komawa kan na'urar lokacin da ake shimfiɗa raga, kada ka shagala da hira, don Baba ya iya hira.

Na uku, ƙananan kifi. Yaron da ke cire kifi daga raga hannunsa ya saba wurgar da ƙananan kawara da 'ya'yan kurungu cikin ruwa, ko ya tara wa yaran da ke jira a gaɓa. Kafin ka ɗago kai daga littafi an yi. Ka ajiye bokiti a gabansa, ka ce komai ya shiga nan, har kaguwa da ƙififiya, har kan kifin da guza ta cinye jikinsa cikin dare, don shi ma ana lissafa shi.

Wajen sanin kifi kuwa ba ni da ƙorafi. Ɗalibai da yawa sukan zo da littafin tantancewa su tsaya suna juya shafi, Baba ya riga ya ware tulin karfasa gida uku. Mai ratsi-ratsi a jela ita ce a kimiyyance ake kira Oreochromis niloticus, wadda macen ke riƙe ƙwai a baki. Mai jan ciki lokacin haihuwa ita ce zillii, ita a ƙasa take zuba ƙwai, uwa da uba su yi gadi. Ta uku, mai haske, galilaeus ce. Shi ne ya saba wa ɗalibaina buɗe bakin kifi kafin a jefa shi bokiti, don uwar da ta maƙale a raga takan tofar da ƙwan, in ba ka duba da wuri ba ka rasa shaidar lokacin haihuwa. Ya iya cire kurungu daga raga ba tare da ya karya ƙayar ba. Ƙayoyin kurungu kullewa suke yi in ya miƙe su, kuma masunta sukan karya su ne don sauƙi, sai dai kifin da aka karya bai da amfani ga mai adanawa. Minjirya kuwa gargaɗi ɗaya yake yi, wanda bai ji ba ya taɓa da hannunsa ya ji yadda wuta take.

Inda za ku yi ɗan ja-in-ja shi ne lokacin awo. Da jirgi ya iso gaɓa masu saye suna tsaye da robobinsu, rana tana hawa, kai kuma kana ɗora kifi ɗaya-ɗaya a kan allon awo, kana rubuta tsawo, kana ɗorawa a sikeli. Lissafin ƙibar kifi na Fulton nauyi ne a giram sau 100, a raba da tsawo a santimita da aka ninka da kansa sau uku. Kifi mai santimita 20 da giram 160 zai ba ka 2. Tunda tsawon da kansa ake ninka shi, wato 20 sau 20 sau 20, kuskuren santimita ɗaya da ka yi cikin gaggawa ba ƙarami ba ne. Baba zai fara da gyaran murya, daga nan ya ce, "Malam, kifi fa ba ya jiran boko." Gaskiyarsa ce, dukiyarsa ce ke laushi a rana. Maganin abin shi ne a zo da mutum uku, mai awo da mai sikeli da mai rubutu, a fara da manyan da za a sayar, a samu inuwa inda iska ba ta kaɗa sikeli. A kuma zo da kula cike da ƙanƙara da aka saya tun jiya.

Mai nazarin abin da kifi ke ci ya ƙara shiri. Kifin da ya kwana a raga cikinsa ya narke ko ya amayar, sai ka tsaga ka tarar da ruwa. Dole a riƙa duba raga bayan 'yan sa'o'i, dare ko rana. Baba yana yi, amma da ƙarin kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba. Abin da ba ya so ya gani shi ne zuba kifi cikin fomalin, sinadarin da ke hana shi ruɓewa. Kashi 10 cikin 100 muke haɗawa da ruwa, kuma kifin da ya shiga ciki ya haramta ga tukunya har abada. Duk lokacin da aka sa babbar tarwada a bokitin nan sai ya kau da kai ya yi salati. Ka rufe bokitin da kyau, ka rubuta guba a jikinsa da manyan baƙaƙe, don yara sun cika gaɓar.

Jirgin kansa tsoho ne, na katako, yana ɗan yoyo, akwai ƙwaryar kwashe ruwa a ciki kullum. Mutum uku yake ɗauka cikin kwanciyar hankali, da kaya kaɗan. Rigar kariya daga nutsewa babu, kuma in ka tambaya dariya zai yi. Ni ba na barin ɗalibi ya taka jirgin ba tare da ita ba, ko ya ce a ruwan Kubanni ya koyi iyo. Takalmin roba mai tsawo shi ma wajibi ne. Ruwan da ke kwance a bakin gaɓa mai ciyayi shi ne gidan ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Baba ƙafa ba takalmi yake shiga, kada ka yi koyi da shi a nan. Waya da littafi a sa su a leda, rubutu kuma da fensir, don biro yana zuba in ya jiƙe.

Ɗalibai mata ba su taɓa kawo mini ƙarar sa ba. Yakan gyara musu wurin zama a tsakiyar jirgi, ya kori samarin da ke taruwa kallo, kuma in iska ta taso ba ya jiran shawarar kowa yake juyowa gaɓa. Masu aikin tsuntsaye ma na tura masa, suna ƙirga zalɓe da balbela da kirinjijiya daga cikin jirgi, sun ce ya iya tuƙi shiru, sai dai su roƙe shi ya kashe rediyonsa.

Wanda aikinsa ingancin ruwa ne, ko tantance ire-iren kifi, ya je da zuciya ɗaya. Wanda aikinsa yawan kifi ne da girmansu, ya je da ragunansa, da na'urarsa, da bakin da zai iya ce wa dattijo a'a cikin ladabi. Ba a kama shi ta waya, da ƙafa ake zuwa, mako guda kafin ranar aiki, da yamma lokacin da yake gyaran raga. Ranar Juma'a ba ya shimfiɗa wa kowa, kuma in rani ya yi nisa, masu noman fadama suka kunna injinan ban ruwa ga tumatir da albasa, wasu tashoshin kan janye har jirgi ya kasa kaiwa, don haka a tambaye shi wuraren da ke riƙe ruwa har watan Afrilu kafin a zaɓi tasha.