Injin daɓe mai kilo 90: kwana uku da saye ya tsaya min a gidan mutane

Sana'ata shimfiɗa intalok ce, kuma tun da na fara, haya nake ɗaukar injin daɓe, wanda 'yan aiki ke kira kwamfakta. Duk wanda ya taɓa haya ya san wulaƙancin da ke ciki. Ka biya kuɗin wuni, ka biya 'yar ƙurƙura kai da kawowa, sannan a turo maka yaron da ba ya isowa sai hantsi ya dubi ludayi, ana kiran la'asar kuma ya fara kallon agogo. Shi ya sa da damina ta ɗauke na samu aiki mai ɗan kauri, sai na rufe ido na shiga Sabon Garin Kano, layin masu janareto, na ɗauko nawa. Irin mai kilo 90 ɗin nan ne da ya cika kasuwa, mai tafiya gaba kawai. Injin da ke kansa kwaikwayon Honda GX160 ne, irin wanda ake ɗora wa famfon ban ruwa a fadama, babu bakaniken da bai san cikinsa ba. Kuɗinsa ba sai na faɗa ba, kun san yadda kaya suke.

A gabana yaron shagon ya zuba baƙin mai, na zaro ma'aunin na duba da idona, ya kai baki. Ya ja igiya sau biyu injin ya tashi, ya yi ta tsalle a kan simintin ƙofar shago har maƙwabta suka leƙo. Mai shagon ya dafa kafaɗata ya ce, "Oga, wannan an gama masa komai. Fetur kawai za ka zuba ka ja igiya." Na kuwa yarda, don ban ga dalilin da zai sa ya yi min ƙarya ba.

Aikin tsakar gidan wani Alhaji ne a wajen Rijiyar Zaki, da filin ajiye motoci, ga biki za a yi a gidan saura kwana tara. Ranar farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka baza burji, muka yayyafa ruwa, injin ya bi ta kai kamar ana guga. Inda ya wuce sau uku, ka sa dunduniya ka danna ba za ka ga sawu ba. Har hoto na ɗauka na tura wa mutumin da nake haya a wurinsa, da ɗan baƙar magana a ƙasa. Da na san abin da ke tafe da ban tura ba.

Rana ta biyu da azahar yarona ya ce, "Oga, akwatin nan na gaba yana zafi fa." Yana nufin akwatin girgiza da bel ke juyawa, wanda ke zaune a kan farantin ƙarfen da ke dukan ƙasa. Ya ɗiga masa ruwa, ruwan ya yi cuu ya ƙafe nan take. Na ce sabon inji ne, bai saki jiki ba, a ci gaba. Wannan ganganci nawa ne, na ɗauka.

Rana ta uku wajen ƙarfe goma sha ɗaya kukan injin ya sauya. Maimakon dirin da muka saba ji, sai wani ƙara kamar an zuba tsakuwa a injin markaɗe. Kafin in ƙaraso daga bakin get, farantin ya daina rawa ɗungurungum, inji kuma yana ta gunji, hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba yana fita ta murfin bel. Na hango yaron ya sunkuya zai kai hannu ya ɗaga murfin, injin yana kunne. Ihun da na yi masa, har matan gidan suka leƙo ta taga. Na tura shi gefe na kashe makunnin. Da bel ɗin ya tsinke a lokacin, ko ya kama masa yatsa, da yanzu wani labarin nake ba ku. Alhaji kuwa yana tsaye da baƙonsa a inuwa, ya dube ni ya ce, "Malam, ba sabo ka ce ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sabo ne." Bai ƙara cewa komai ba, kuma shirun nasa ya fi min zagi ciwo.

Na kira mai shago. Bai bari na gama ba ya ce, "Ka sa mai kuwa?" Na ce ai a gabanka aka zuba. Ya ce, "A'a, na ƙasa nake nufi." Na ce wane na ƙasa? Ashe akwatin girgizar yana da nasa man daban, babu ruwansa da man inji. Na tuna masa maganarsa ta cewa an gama komai, sai ya ce shi inji yake nufi, kuma kowa ya san ana duba na ƙasa. To idan kowa ya sani, me ya hana yaronka ya duba lokacin da yake zuba na sama? Daga nan ya koma kan cewa yarana ne ba su iya aiki ba, kuma ba a garanti a kan kayan da aka riga aka kai wurin aiki. Ina za a kai shi da, ɗakin amarya?

Muka ɗora shi a 'yar ƙurƙura sai Ƙofar Ruwa, wurin wani dattijon bakanike da aka yi min kwatance. Ya sa sifana ya kwance wani noti a gefen akwatin, ya karkata injin. Abin da ya fito bai cika murfin kwalba ba, baƙi ƙirin, da ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli a ciki. Ya lakato a yatsa ya nuna min a rana. Da ya buɗe sai ga sandar ƙarfe mai nauyi a gefe guda, ita ce idan ta juya sau dubbai a minti take sa farantin dukan ƙasa. Boris biyun da ke riƙe da ita sun ƙone sun koma shuɗi-shuɗi, ɗaya ma ya kama gam. Ya ce, "Ɗana, duk wahalar injin nan a kan boris ɗin nan biyu take sauka. Ka hana su mai, ka kashe su."

Sai ya buɗe kulocin ya ga shi ma ya soma cinyewa, ya tambaye ni a ina nake ajiye totur idan ana aiki. Na ce a tsakiya, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu wanda yake wasa da fetur. Ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce kulocin irin wannan inji ba ya kamawa sosai sai inji ya kai ƙarshen gudunsa. Idan ka bar totur a tsakiya, sulɓewa yake yi yana goga yana zafi, ƙasar ma ba ta daɓuwa yadda ya kamata. Ko dai ka sauke shi ƙasa gaba ɗaya yana hutawa, ko ka kai shi ƙarshe ana aiki, kuma ka kai shi da sauri, ba a hankali ba. Wato lita ɗayar da nake tattali, kuloci nake biya da ita. Nan jikina ya ɗan yi sanyi, don na ga ba mai shago kaɗai ne da laifi ba.

Kwana biyu aka yi ana neman boris mai kyau. A kwana biyun nan dole na koma wurin mai haya, shi ɗin da na tura wa hoto. Bai ce min uffan ba, murmushi kawai ya yi, ya kuma ƙara kuɗi.

Yanzu wata biyar ke nan da gyaran, kuma gaskiya injin bai sake kunyata ni a wannan fannin ba. A kan burji da yashi da garin dutse yana aiki ƙwarai, matuƙar ba ka yi masa zalama ba. Ciko kamar santimita 10 zuwa 15 nake bazawa, in daɓe, sannan in ƙara wani. Masu zuba ciko har gwiwa su bi sama da inji, ƙasan nan yana nan a sake, damina ɗaya intalok ɗin zai lotsa. Ruwa kuma da hannu nake aunawa: in damƙi ƙasar, idan ta dunƙule ba ta jiƙa min tafi ba, ta yi. Idan ta warwatse a ƙara ruwa, idan ta yi caɓi a jira. Inda ya gaza shi ne ƙasa mai laka. Na gwada a wani gida da ke kan tsohon kududdufi, sai lilo yake yi a wuri ɗaya yana nutsewa, dole na nemo mai tsallen nan mai ƙafa ɗaya. Wannan ba laifinsa ba ne, ba aikinsa ba ne.

Kowace safiya kafin a ja igiya sai na duba mai biyun da kaina, ban bar wa kowa ba. Na inji kusan lita 0.6 yake ci. Ƙa'idar irin wannan inji a juye na farko bayan awa 20, daga nan duk awa 100, amma da hunturu ban jira ya kai ba, don ƙurar wurin aikinmu ta wuce misali. Soson matatar iska kuwa kusan kullum sai an kakkaɓe. Bel ina danna shi da babban yatsa, inji a kashe, idan ya lotsa fiye da santimita ɗaya da rabi a ɗaure. Idan za a ɗora shi a mota a rufe famfon fetur, kuma a tsaye zai tafi. Wani direba ya taɓa kwantar min da shi a gefe don ya samu wurin buhunan siminti, mai ya malale cikin matatar iska, muka yi rabin awa muna shaƙar farin hayaƙi. Akwai kuma ranar da ya mutu a gangaren bakin get, gabana ya faɗi na ce shi ke nan an koma gidan jiya, ashe na'urar da ke kashe shi idan mai ya yi ƙasa ce ta ji ya karkata. Wannan kam na yaba.

To amma ina rubuta wannan ina tuno sauran abubuwan, raina yana sake ɓaci. Notinansa ba sa zama. Duk bayan kwana biyu sai na bi su da sifana, sau ɗaya ma na tsinci na murfin bel a cikin yashi. Robobin da ke tsakanin faranti da inji, waɗanda ke tare girgiza, ɗaya ta tsage tun a wata na biyu. Ban lura ba sai da yarona ya ce idan ya tashi aiki yatsunsa suna yi masa kamar ana tsira allura, har kofin shayi yake kasa riƙewa da kyau. Wannan ba abin wasa ba ne, girgiza tana kashe jijiyar hannu a hankali. Na sauya robobin duka, na ce su riƙa karɓeɓeniya, kada mutum ɗaya ya wuni a kai, kuma a daina damƙe hannun injin kamar ana kokawa, shi yake tafiya da kansa, naka kawai saiti. Na saya musu takalmin aiki mai ƙarfe a baki da abin toshe kunne. Takalmin suna sawa, na kunnen kuwa sai na tsaya a kansu.

Cikon ɗaki ma na daina yi idan an riga an rufa. Mun yi sau ɗaya a wani shago mai ƙofa ɗaya, ko minti ashirin ba a yi ba yaron ya fito yana dafe da kai yana jiri. Hayaƙin nan ɗaya ne da na janareto da muke jin yana kashe mutane a ɗaki. Fetur kuma ba a ƙara masa sai ya huce, ko da Alhaji yana tsaye yana kallon agogo. Duk wannan da kaina na koya, ko daga bakin dattijon nan, don ko littafin injin mai shagon bai ba ni ba. Wai yana cikin kwalin da aka yar.

Abin da ya fi ci min rai shi ne tabarmar robar da ake ɗaura wa farantin idan za a bi kan intalok bayan an jera. Ranar ciniki mai shagon ya ce tana hanya, in dawo mako mai zuwa. Na bi kan intalok ɗin Alhaji da farantin tsirara, ya fasa min guda goma sha wani abu, ya kuma kankare launin jajayen, da kuɗina na maye su ana jibi biki. Yanzu wani yankin tsohon bel na injin niƙa na samu na huda na ɗaure da waya, da shi nake lallaɓawa. Taya ma babu, mutum biyu ke ciccibar kilo 90 daga get zuwa bayan gida.

Da farko na yi niyyar cewa injin ya ci kuɗinsa, kuma idan aikin daɓe kaɗai za a duba, ya ci. Amma idan na haɗa kuɗin boris da bel da kuloci da robobi da hayar kwana biyu da intalok ɗin da ya fashe, ban san ko arahar da na gani a Sabon Gari araha ba ce. Wanda ya riga ya ƙudura zai saya, ya tafi da sifana a aljihu, ya sa a kwance notin akwatin ƙasa a gabansa kafin ya ƙirga ko sisi, kuma kada ya bar shagon sai da littafi da tabarma a hannu. Ni dai na koma sau huɗu kan tabarmar nan. Shekaranjiya ma na leƙa, yaron shagon ya ce Oga ya fita, amma kaya suna hanya.