Shatar ƙaramin jirgi daga Gombe: matuƙin ya cika, ofishin ya gaza

Rashin lafiyar baffana ce ta sa muka ɗauki shatar ƙaramin jirgi mai inji biyu daga filin jirgin sama na Lawanti zuwa Abuja, domin likita ya ce jikinsa ba zai jure tafiyar mota ba. Kafin in biya ko sisi na nemi a nuna mini takardar AOC, wato lasisin da hukumar NCAA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Najeriya ke bai wa masu ɗaukar fasinja don kuɗi, saboda izinin da mai jirgin kansa ke riƙewa bai halatta masa yin haya ba. Sun nuna ba tare da gardama ba, kuma jirgin tsaf yake.

Mun kusa Bauchi sai na ga matuƙin yana yawan duban ma'aunin baƙin mai na injin hagu, wanda allurarsa ke ta yin ƙasa. Ya kashe injin da hannunsa kafin ya ƙone, farfelar ta tsaya cik, fikafikanta sun juya gefe don kada su tare iska. Duk ɗan Arewa maso Gabas da ya ga haka sai ya tuna tsohon gwamnan Taraba Ɗanbaba Suntai, wanda jirginsa ya faɗi kusa da Yola a Oktoban 2012, ni ma shi ne ya faɗo mini a rai. Matuƙin ya sanar da hasumiyar masu ba jirage umarni, sannan ya waiwayo ya ce: "Baba, ku kwantar da hankali, inji ɗaya zai kai mu, a Bauchi za mu sauka." Baffa bai daina jan carbinsa ba. Muka sauka lami lafiya a filin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, motar 'yan kwana-kwana tana biye da mu. Daga baya makaniki ya nuna mini tiyon da ya tsage, mai ya wanke gefen injin baƙi ƙirin.

Wannan matuƙi ko gobe zan ba shi amanar iyalina. Ofishin kamfanin kuwa ya ba ni kunya ƙwarai, domin sun bar mu da majinyaci fiye da awa uku babu mai ɗaga waya, har sai da muka nemo motar asibiti da kanmu. Rabin kuɗin da suka yi alkawarin mayarwa, yau mako biyar ke nan ina bin sa.