Kan sarkin malam-buɗe-littafi: sabo ko mai hatimi?

Ɗan'uwanmu na Tudun Wada ya yi tambaya. Zai fara tara kan sarki masu hoton malam-buɗe-littafi: sababbi zai nema, ko waɗanda gidan waya ya riga ya buga wa hatimi?

Malam, sabo ya fi kyan gani, ba musu. Zanen fiffike ake bi a wannan fanni, hatimi kuwa sau da yawa a kansa yake sauka. Sai dai darajar sabo tana bayansa, wato gam ɗin, kuma yanayin Zariya ba ya raga wa gam. Danshin Agusta yana jiƙa shi ya manne da shafi, ko ya fito da ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa da ba sa fita. Hunturu ya kama, gam ya bushe ya ja takardar ta nannaɗe. Ka miƙe ta da ƙarfi, ya tsattsage. Dole sai littafi mai aljihunan roba, a ajiye shi a tsaye cikin akwati mai murfi, tare da ƙunshin ƙwayoyin shan danshi irin na kwalin takalmi. Da hantsaki mai faɗin baki ake ɗauka, ban da yatsa.

Mai hatimi ba shi da wannan wahala, ga araha. Ka yanko shi daga ambulan ka bar ɗan gefe, ka jiƙa a ruwa mai sanyi minti 10 zuwa 15 har ya saki da kansa. Kada ka ja, haƙoransa na gefe ne za su tsinke, kuma haƙori ɗaya ya isa ya karya farashi. Ka kifa shi a kan farar takarda ya sha iska, sannan ka danne da littafi mai nauyi ya kwana. Na jan ambulan a jiƙa shi daban, yana zuba.

Akwai na uku da ke ruɗin sabon shiga: hatimi tsaf a kusurwa, amma gam na nan a baya. Bai taɓa hawa wasiƙa ba, don masu tara kan sarki aka buga shi. Na Ajman, wata masarauta a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da na Ikwatoriyal Gini sun cika kasuwa, kyau kamar me, kuɗi kaɗan. Kada a sayar maka da tsada.

A ganinmu ka fara da mai hatimi, kana zaɓen wanda bugun ya tsaya a gefe. Jerin Najeriya na 1982, guda huɗu daga kwabo 10 zuwa 45, ka cigita wajen dattawa masu ajiye tsofaffin wasiƙu. Sabo kuma sai ka tanadi ma'aji, sannan ka nemi irin na Sarawak, wani yanki na Malesiya a yau, na 1950 mai santi 1, ko jerin Mozambik na 1953 mai guda 20.